ZAƁEN DA AKA YI SAU ƊAYA TAK: WA KE WAKILTARMU A MULKIN INTANET?



An nemi in yi magana a kan mulkin intanet, da kuma ko talaka yana da bakin magana a cikinsa. Na san akwai waɗanda za su ce a ransu, ina ruwan mai goro a Shagamu ko dillalin shanu a Agege da wannan zance na 'yan boko? To, amsar tana cikin aljihun kowannenmu. Wayar nan da muke aika wa iyali kuɗi Katsina ko Gusau da ita, wadda muke jin kuɗin albasa da ita tun mota ba ta baro Aliero ba, rabin aikinta a kan intanet yake tafiya. Abin da mutum ya dogara da shi haka kuwa, ya kamata ya san masu riƙe da ragamarsa, ya kuma san wanda ya ɗora su a kai. Saboda haka zan ba ku labarin wani zaɓe da aka yi a cikin watan Oktoba na shekarar 2000, wanda aka ce kowane mutumin duniya yana iya jefa ƙuri'a a cikinsa. Shi ne na farko, kuma har yau ba a sake yin irinsa ba.

Da farko dai bari mu san kujerar da aka yi takara a kanta. Intanet ba shi da sarki guda, ba shi kuma da hedkwata. Dubban kamfanoni ne da jami'o'i da ma'aikatu, kowa da nasa wayoyi da na'urori, suka yarda su sada su da juna. Amma akwai abu ɗaya da tilas sai an yi masa mai kula guda, watau suna da lamba. Kowace na'ura da ta hau intanet tana da lambarta, kamar yadda kowace rumfa take da lamba a kasuwa. Da yake mutum ba ya iya riƙe tarin lambobi a ka, sai aka laƙaba musu sunaye, irin waɗanda kuke gani suna ƙarewa da .com ko .org, ko .ng na Nijeriya, ko .ne na Nijar, ko .gh na Gana. Idan rumfa biyu suka ɗauki lamba ɗaya, saƙo ya ɓata ke nan. Don haka akwai wani babban kundi, uban sauran duka, wanda a ciki aka rubuta kowane irin ƙarshen suna, da wanda aka damƙa wa amanar kula da shi.

Shekara da shekaru mutum ɗaya ne ke riƙe da wannan kundi, wani masani a Jami'ar Kudancin Kalifoniya mai suna Jon Postel, shi da 'yan mataimakansa, bisa kwangilar gwamnatin Amurka. Yayin da intanet yake na malaman jami'a kaɗai, wannan bai dami kowa ba. Amma da fatake suka shigo, suna ya zama kuɗi, sai gardama ta tashi. A watan Yuni na 1998 gwamnatin Shugaba Clinton ta fitar da takarda tana cewa a kafa ƙungiya mai zaman kanta, wadda ba ta neman riba, ta karɓi aikin. A ƙarshen Satumba na wannan shekara aka yi mata rajista a jihar Kalifoniya da sunan ICANN. Shi kuwa Postel, Allah bai nufe shi da ganin aikinta ba, ya mutu ran 16 ga Oktoba, 1998.

Kada a ɗauka cewa wannan hukuma ita ke hana mutum faɗin abin da ya ga dama, ko ita ke yanke kuɗin data. Ba aikinta ba ne. Aikinta kundi ne, amma riƙon kundi ba ƙaramin iko ba ne. A ƙarshen Fabrairu na 2022, kwanaki kaɗan bayan Rasha ta auka wa Yukren, gwamnatin Yukren ta rubuta wa ICANN tana roƙo a soke .ru, watau a goge sunan Rasha daga kundin. Shugaban hukumar na lokacin, Göran Marby, ya ƙi, ya ce ba a kafa su don su hukunta wata ƙasa ba. Ni ina ganin ya yi daidai. Amma ku dubi girman abin da aka nema, sa'an nan ku tambayi kanku, mutanen da ake kai wa irin wannan roƙo, wa ya zaɓe su?

Tun ranar da aka kafa ta ake wannan tambaya. Daraktocinta na farko ba wanda ya zaɓe su, sunayensu kawai aka gani a takarda, har aka yi ta gunaguni a kan yadda aka tsamo su. Don a kwantar da hankalin mutane, kuma don gwamnatin Amurka ta amince da ita, sai aka yi alkawari a cikin dokokinta cewa majalisar daraktoci za ta kasance da kujeru 19: tara na ƙungiyoyin masu sana'ar, watau masu sayar da sunaye da masu raba lambobi da injiniyoyi, tara na gama-garin masu amfani da intanet, ɗaya kuma ta shugaban ma'aikata. Raba daidai ke nan tsakanin masu sayarwa da masu saye. Ku riƙe wannan lamba tara, domin za mu ga yadda ta yi ta ramewa.

Da aka zo cika alkawari, sai hukumar ta fito da wata dabara, cewa jama'a su zaɓi wata 'yar majalisa, ita kuma ta zaɓi daraktocin. Ƙungiyoyin kare haƙƙin jama'a suka ce ba su yarda ba. A taron da aka yi a Alƙahira cikin Maris na 2000 aka yi sulhu: za a yi zaɓe kai tsaye, amma na kujeru biyar kaɗai, ɗaya daga kowane yanki na duniya, watau Afirka, da Asiya da tsibiranta, da Turai, da Kudancin Amurka, da Arewacin Amurka. Sauran huɗun aka ce a dakata tukuna sai an yi nazari. Tara ta koma biyar tun ba a buɗe akwati ba.

Sharuɗɗan shiga rajista, a takarda, masu sauƙi ne ƙwarai. Mutum ya kai shekara 16, yana da adireshin imel, yana kuma da adireshin gidan waya. Ba a biyan ko kwabo, domin wata gidauniya ta Amurka mai suna Markle ta taimaka da kuɗin shirin. Ka cika takarda a intanet, sa'an nan a aiko maka da lambar sirri a cikin ambulan ta gidan waya, ka koma intanet ka shigar da ita, daga nan ka zama cikakken mai ƙuri'a. Dalilin ambulan ɗin shi ne don kada mutum ɗaya ya buɗe imel hamsin ya yi zaɓe sau hamsin.

Masu shirin sun yi tsammanin 'yan dubbai kaɗan za su zo. Sai ga mutum fiye da 158,000 sun nemi shiga, har na'urorin hukumar suka riƙa cijewa don yawan cunkoso. A cikinsu 76,183 ne suka sami lambarsu suka kuma shigar da ita. Da aka buɗe zaɓe daga ran 1 zuwa ran 10 ga Oktoba, mutum 34,035 ne suka jefa ƙuri'a. Cibiyar Carter, wadda ta sa ido a zaɓenmu na 1999, ita ce ta sa ido a wannan ma.

Yanzu ku saurari yadda ƙuri'un suka rabu, domin a nan zancen yake. Asiya 17,745. Turai 11,309. Arewacin Amurka 3,449. Kudancin Amurka 1,402. Afirka kuwa, nahiyar da a lokacin take da mutum wajen miliyan 800, ƙuri'a 130. Ban yi tuntuɓen harshe ba, ɗari da talatin. Mutum 787 suka nemi rajista daga Afirka duka, 315 suka kammala, 130 suka yi zaɓe. Wanda ya ci, Dokta Nii Quaynor na Gana, da ƙuri'a 67 ya ci, abokan takararsa biyu 'yan Afirka ta Kudu suka raba ragowar. Akwai ƙungiyoyin 'yan kasuwa a Sabon Badun da idan za su zaɓi ma'aji, masu ɗaga hannu sun fi haka yawa.

Ba ina rage darajar Dokta Quaynor ba ne. Mutum ne masani, yana cikin waɗanda suka fara kawo intanet Afirka ta Yamma, kuma da za a tara masana nahiyar a ce su fitar da mutum ɗaya, da wuya su tsallake shi. Abin dubawa shi ne me ya sa masu zaɓensa suka zama 'yan ƙalilan haka. A shekarar 2000 ko wayar salula irin ta yanzu ba ta zo Nijeriya ba, sai a 2001. Mai imel a wancan lokaci, in ba malamin jami'a ba ne, to ma'aikacin banki ne ko na kamfanin mai, ko mai zuwa shagon kwamfuta ya biya kuɗin minti. Wanda ya tsallake wannan kuma sai ya tarar da maganar ambulan. Mu da muke zaune a Sabo da Zango mun san yadda adireshi yake a wurinmu: akwati ɗaya na gidan waya, na wani Alhaji ko na masallaci, unguwa guda ke amfani da shi, wasiƙa kuwa tana iya yin wata biyu a hanya, in ma ta iso. Sharaɗin da Bature ya ga kamar ba kome ba ne, a wurinmu shi ne katanga. Sa'an nan duk bayanin da turanci ya fi yawa, kuma ba wanda ya ɗauki lasifika ya shiga gari ya ce jama'a ga zaɓe ya zo.

Inda aka ɗauki lasifikar kuwa an ga aikinta. A Japan manyan kamfanoni suka tashi tsaye suka sa ma'aikatansu yin rajista, har ƙasar ta fi kowace ƙasa yawan masu nema, ɗan takararsu kuma, Masanobu Katoh na kamfanin Fujitsu, ya lashe kujerar Asiya ba tare da wahala ba. A Jamus jaridu ne suka yi gangami, musamman mujallar Der Spiegel, sai Jamusawa suka rinjayi sauran Turawa, suka zaɓi wani saurayi mai suna Andy Müller-Maguhn, kakakin wata ƙungiya ta gwanayen kutsen kwamfuta, mutumin da ba ya ɓoye ƙyamarsa ga yadda ake tafiyar da hukumar. A Kudancin Amurka mutanen Barazil suka fi yawa, ɗan Barazil, Ivan Moura Campos, ya ci. A Arewacin Amurka kuma aka zaɓi wani injiniya, Karl Auerbach, wanda shi ma ya daɗe yana sukar hukumar a fili. Waɗannan biyu, na Jamus da na Amurka, ba kwamitin hukumar ne ya tsayar da su ba, masu ƙuri'a ne suka sa hannu suka tsayar da abinsu. Watau a yankuna biyu da intanet ya fi daɗewa, jama'a sun aiko da 'yan hamayya.

Abin da ya biyo baya, duk wanda ya san siyasa zai iya hasashensa. Kujeru huɗun nan da aka ce a dakata, sai huɗu daga cikin daraktocin farko, waɗanda ba a zaɓa ba, suka ci gaba da zama a kai da sunan wakilan jama'a. Shi kuma Auerbach, da ya ce a ba shi littattafan kuɗi da takardun hukumar ya duba, kamar yadda dokar Kalifoniya ta ba kowane darakta dama, sai aka gindaya masa sharuɗɗan da ya ƙi sa wa hannu. Sai da ya kai ƙara kotu a Los Anjelis cikin Maris na 2002, kuma a ƙarshen Yuli alƙali ta ba shi gaskiya. Wakilin da jama'a suka zaɓa ke nan, sai da umurnin kotu ya ga lissafin gidan da yake darakta a ciki.

A halin nan an kafa kwamitin nazari a ƙarƙashin Carl Bildt, tsohon firayim ministan Suwidin. A Nuwamba na 2001 kwamitin ya ba da shawara cewa a ci gaba da zaɓe, amma na kujeru shida, kuma mai ƙuri'a ya zama wanda ya mallaki suna a intanet, yana kuma biyan kuɗin zama mamba. Wata tawagar malaman jami'a da ƙungiyoyi masu zaman kansu ta yi nata nazarin dabam, ta ce a bar ƙofa a buɗe ga kowa, a gyara kurakuran da aka gani. Ba a bi ko ɗaya daga cikinsu ba. A Fabrairu na 2002 shugaban ma'aikatan hukumar, Stuart Lynn, ya fitar da takarda yana cewa tsarin duka ya kasa, zaɓe kuma ɓata kuɗi ne da lokaci, gara a ba gwamnatoci kujeru biyar su kawo mutanensu. Wata guda bayan haka majalisar daraktoci ta zauna a birnin Akra, a ƙasar wanda Afirka ta zaɓa, ta yanke cewa ba ta gamsu zaɓen duniya shi ne hanya mafi kyau ba. A Shangai, cikin Oktoba na 2002, aka amince da sababbin dokoki waɗanda babu zaɓen jama'a a cikinsu, su ma kujerun gwamnatocin ba su shiga ba. A tsakiyar 2003 wa'adin zaɓaɓɓun nan biyar ya ƙare.

Adalci ya sa in faɗi hujjojin waɗanda suka kashe zaɓen, domin ba duka ne na son zuciya ba. Sun ce babu rajistar mutanen duniya, babu katin shaida guda, saboda haka ba yadda za a tabbatar mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya. Sun ce abin da ya faru a Japan somin taɓi ne, gobe wata babbar ƙasa ko wani babban kamfani zai tara mutum miliyan ya saye kujera. Sun ce mutum 34,000 ba su isa su yi magana da yawun fiye da miliyan 300 da ke amfani da intanet a lokacin ba. Sun kuma ce aikin na injiniyoyi ne, kuskure ɗaya a cikin kundin nan yana iya katse ƙasa sukutum, ba wurin yaƙin neman zaɓe ba ne. Hujja ta farko tana da ƙarfi, har yau ma ba wanda ya warware ta sosai.

Amma mu 'yan Nijeriya mun taɓa jin waɗannan maganganu, da wani bakin. A tsarin mulkin Gwamna Clifford na 1922, kujeru huɗu kaɗai ake zaɓa a majalisar dokoki, uku a Ikko, ɗaya a Kalaba, kuma ba mai jefa ƙuri'a sai namijin da ke samun fam 100 a shekara. Arewa ko kujerar ma ba ta da ita, da sanarwar Gwamna ake yi mata doka. Shawarar Bildt, cewa sai mai suna a intanet kuma mai biyan kuɗi, ƙanwar wannan ce. A zaɓen 1951 kuma, a Arewa, talaka bai zaɓi ɗan majalisa da hannunsa ba. Ya zaɓi wanda zai je gunduma, na gunduma su zaɓi na gaba, haka mataki-mataki har lardi, a matakin ƙarshe kuma En'e tana da damar cusa nata mutane. Matan Arewa kuwa sai a 1976 aka ba su ƙuri'a. A kowane mataki an sami masu cewa jama'a ba su shirya ba, rajista ba ta da kyau, abin na masana ne. Kuma lalle rajistarmu ta sha zama abin kunya. Sai dai duk lokacin da ta lalace, abin da masu hankali suka nema shi ne a gyara ta. ICANN kuwa gwaji ɗaya ta yi, cikin gaggawa, da kuɗi kaɗan, da ta ga aibinsa sai ta rufe ƙofar gaba ɗaya. Kuma yana da wuya mutum ya kawar da kai daga cewa an rufe ta ne bayan ta shigo da mutum biyu masu yawan tambaya.

To me aka kawo a madadinsa? Majalisar daraktocin yanzu tana da masu ƙuri'a 16. Takwas daga ciki wani kwamitin tantancewa ne ke naɗa su, bayan ya karɓi takardun masu so ya yi shawararsa a asirce. Shida na ƙungiyoyin sana'a ne, biyu-biyu: masu lambobi, da masu kula da sunayen ƙasashe, da masu sunaye irin su .com. Ɗaya shugaban ma'aikata ne. Saura nawa? Ɗaya. Ita ce kujerar gama-garin jama'a, ita ma sai a 2010 aka ba da ita, wani Bafaranshe mai suna Sébastien Bachollet ya fara zama a kai. Daga 2003 zuwa wannan shekara jama'a ba su da ƙuri'a ko ɗaya a majalisar, sai mai zaman saurare.

Yadda ake cike kujerar ma abin ji ne. Ƙungiyoyin masu amfani da intanet suna yin rajista a ƙarƙashin uwar ƙungiya ta yankinsu, tamu ta Afirka ana kiranta AFRALO. Yankunan nan biyar kowanne ya aika mutum biyu cikin wani kwamitin ba da shawara, kwamitin tantancewa ya ƙara biyar nasa, su zama 15. Waɗannan 15, da shugabannin yankuna biyar, su ne masu zaɓen daraktan. Mutum 20 ke nan, a duniyar da masu amfani da intanet suka haura miliyan dubu 5. Wanda ya tuna da zaɓen 1951 ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Masu kare tsarin suna cewa ai ƙofa a buɗe take, kuma gaskiya ne. Sau uku a shekara ake babban taro, ana zagayawa da shi nahiya-nahiya, an yi a Dakar a 2011, an yi a Kigali a 2024. Ba a biyan kuɗin shiga, kowa yana iya tashi ya kama makirufo ya faɗa wa daraktoci abin da ke ransa, ana kuma iya bi ta intanet daga gida. Har akwai tallafin tafiya ga mutanen ƙasashe masu tasowa, 'yan Nijeriya da dama sun amfana da shi. Amma ainihin aikin ba a zauren ake yinsa ba. A ƙananan kwamitoci ake yi, waɗanda ke shafe shekara biyu ko uku suna zama ta waya kowane mako, da turancin lauyoyi. Wa zai jure wannan? Wanda kamfaninsa ke biyansa albashi don ya zauna. Mai sa kai, wanda ke da shago ko aji yana jiransa, zai yi wata shida ya gaji. A zaɓe, kome lalacewarsa, ƙuri'ar attajiri da ta ɗan dako nauyinsu ɗaya ne a cikin akwati. A tsarin zo-ka-zauna kuwa, wanda ya fi daɗewa a zaune shi ke tashi da rinjaye.

Wasu kuma suna cewa, ai kuna da gwamnatoci, su ne wakilanku. An kai ruwa rana a kan wannan a taron ƙoli na Majalisar Ɗinkin Duniya a Tunis cikin 2005, inda ƙasashe da yawa suka nemi a raba Amurka da riƙon kundin. Abin da aka tashi da shi shi ne wani dandalin tattaunawa na shekara-shekara, wanda aka fara a ƙasar Girka a 2006, kuma ba ya yanke hukuncin da ya hau kan kowa. A cikin ICANN gwamnatoci suna da kwamitinsu na ba da shawara, shawararsu kuma tana da nauyi ƙwarai, ko da yake wakilinsu a majalisar daraktoci ba ya jefa ƙuri'a. Ni dai ban ga yadda gwamnati za ta wadatar a matsayin wakiliyar mai amfani da intanet ba, domin sau da yawa ita ce abokiyar shari'arsa. Daga Yuni na 2021 zuwa Janairu na 2022 an rufe Twitter a ƙasar nan. A Satumba na 2021 an katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan jihohin da ke maƙwabtaka da ita, da yawa a cikinku sun yi makonni ba su ji muryar iyalinsu ba. Hukuma ta ba da dalilinta na tsaro, kowa kuma yana da ra'ayinsa a kai, kuma wannan ba aikin ICANN ba ne. Na kawo shi ne don a ga cewa mai rufe ƙofa da wanda aka rufe wa ba koyaushe bakinsu ke zama ɗaya ba.

A ran 1 ga Oktoba, 2016, gwamnatin Amurka ta saki kwangilar da take riƙe da hukumar da ita. Kafin a saki, an ba ƙungiyoyi biyar na cikin gida, har da kwamitin jama'a da na gwamnatoci, ikon ƙin amincewa da kasafin kuɗi, da tsige darakta, har ma da rushe majalisar baki ɗaya. Ci gaba ne, ba shakka. Amma ku dubi abin da ya faru da aka zo gwaji na gaske. A Nuwamba na 2019 aka ba da sanarwar za a sayar da kamfanin da ke kula da .org, inda ƙungiyoyin agaji da na addini da makarantu suke da sunaye wajen miliyan 10, ga wani kamfanin 'yan jari-hujja mai suna Ethos Capital, a kan dala miliyan 1,135. Ƙungiyoyi suka yi ca, aka yi ta sa hannu a takardun koke. A ƙarshen Afrilu na 2020 majalisar ICANN ta ƙi amincewa da cinikin, amma sai bayan da babban lauyan gwamnatin jihar Kalifoniya, Xavier Becerra, ya rubuto mata takarda mai zafi yana neman ta ƙi. Shi zaɓaɓɓe ne, mutanen Kalifoniya suka zaɓe shi. Ashe dai ƙuri'a tana aiki a mulkin intanet, sai dai ƙuri'ar mutanen jiha ɗaya ce a ƙasa ɗaya.

Kada kuma mu ɗauka cewa da an ce zaɓe shi ke nan magana ta ƙare, domin ga misali a gidanmu. Hukumar da ke raba lambobin intanet a Afirka, AFRINIC, wadda ke da mazauni a tsibirin Morishus, ta sami cikakken izini a 2005, kuma mambobinta, watau kamfanonin sadarwa da jami'o'i da makamantansu, su ke zaɓen daraktocinta. Lambobi irin na dā, waɗanda duka-duka ba su wuce miliyan dubu 4 da 'yan kai ba, sun ƙare a babban rumbu tun 2011, sai suka zama haja mai tsada, Afirka kuwa ita ce ke da ragowa. Rigima ta ɓarke tsakanin hukumar da wani kamfani mai suna Cloud Innovation, wanda ya karɓi lambobi fiye da miliyan 6. A 2021 kotu ta rufe asusun hukumar na banki na ɗan lokaci, a 2022 ta rasa majalisar daraktoci mai cikakken iko, a 2023 kotu ta naɗa mata mai riƙo. Da aka zo zaɓe a Yuni na 2025, sai aka dakatar da shi ana dab da rufe akwati, daga baya aka soke shi, saboda zargin cewa an zo da takardun wakilci na jefa ƙuri'a da sunan mambobin da ba su ba da izini ba. Sai a Satumba na 2025 aka sake, aka sami daraktoci. Shekara uku nahiya guda ba ta da zaɓaɓɓun masu kula da lambobinta, kuma a nan ma a kan rajista aka yi faɗan, wa ke da ƙuri'a, wa kuma ya jefa ta.

Saura in faɗi ƙofofin da suka rage, ga matasanmu masu ilmin abin. A nan gida, .ng yana hannun wata ƙungiya mai suna NiRA, wadda aka kafa a 2005, kuma mambobinta ne ke zaɓen shugabanninta, sai dai mamba shi ne mai suna a ƙarƙashin .ng wanda ya biya kuɗinsa, watau irin tsarin da Bildt ya so. A AFRALO kuma ƙungiyar da mambobinta mutane ne masu amfani da intanet, ba kamfanoni ba, tana iya neman rajista ba tare da biyan kuɗi ba, in an karɓe ta tana da ƙuri'arta a yankin. Ƙungiyoyinmu na ɗalibai da na matasan 'yan kasuwa ba abin da ya hana su nema. Da turanci da faransanci ake yawancin zaman, saboda haka a tura wanda zai iya, a kuma ɗaure masa gindi ya daɗe, ya riƙa dawowa yana ba da bayani da Hausa.

Akwai kuwa abin da za su je nema wanda ya shafe mu kai tsaye. Tun 2010 aka fara shigar da sunayen ƙasashe cikin babban kundin da haruffan larabci, aka fara da Masar da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Maganar waɗanne haruffa za a yarda da su a cikin suna, da maganar ko bankuna da ma'aikatu za su karɓi adireshin imel da aka rubuta da ajami, ko wanda ke da ɓ da ɗ da ƙ a cikinsa, ba su mayar wa mutum da shi su ce ya yi kuskure ba, a irin waɗancan ƙananan kwamitoci ake tattauna ta.

Ranka ya daɗe shugaban taro, na ga ana yi mini nuni da agogo.